Filastar Sito Da Ɗakunan Bayan Gida: Yadda Kuɗin Yake Tafiya

Sau da yawa ɗan kasuwa yakan kashe kuɗi mai yawa wajen gina shago ko babban gida, amma da an zo kan sito, ɗakin maigadi ko ɗakin janareto, sai a bar bulo tsirara da sunan tsimi. Wannan tsimi na ɗan lokaci ne, domin kuwa bulo yana shan ruwa, kuma danshin da ya ratsa bango a damina yakan lalata buhunan hatsi, sukari ko atamfa da aka jingina da shi. Hasarar kaya ta damina ɗaya tana iya fin kuɗin filastar baki ɗaya.

Babban abin da ke cin kuɗi a aikin shi ne siminti. Ko da yake Nijeriya tana da manyan masana'antu a Obajana, Ibese, Gboko, Ewekoro, Ashaka da Sakkwato, farashi bai zauna wuri ɗaya ba. A farkon shekarar 2024 buhu mai nauyin kilo 50 ya haura Naira 10,000 a wasu garuruwa, har Gwamnatin Tarayya ta zauna da kamfanonin a watan Fabrairu aka tsayar da Naira 7,000 zuwa 8,000.

Lissafin ba shi da wuya. A ma'aunin magina, buhu ɗaya kwano biyu ne. Idan aka haɗa shi da kwano goma na yashi, wato siminti kashi ɗaya yashi kashi biyar, zai shafe kimanin murabba'in mita 10 a kaurin milimita 15. Ɗaki mai ƙafa 10 da ƙafa 12, tsayin bango mita uku, yana da kimanin murabba'in mita 75 ciki da waje bayan an cire ƙofa da tagogi. Ke nan buhu takwas za su wadatar. Magini da ya nemi buhu goma sha biyar a irin wannan ɗaki, ko dai bangon ya karkace har sai an cike shi da kwaɓi, ko kuma akwai abin da ya kamata mai gida ya bincika. A nan ne ma arahar bulo marar kyau take bayyana illarta, saboda abin da aka rage wajen saye, ana biyan sa wajen shafe.

Wasu masu gini suna zaton yawan siminti shi ne ƙarfi. A filasta ba haka ba ne: kwaɓin da siminti ya yi masa yawa yakan tsuke idan ya bushe, ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Wanda kuma yashi ya rinjaya, yatsa ma yana kankare shi. Haka nan babu dalilin neman siminti mafi tsada. A shekarar 2014 Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ta keɓe siminti mai lamba 32.5 domin filasta. Yashi dai ya zama mai laushi, tankaɗaɗɗe, marar laka.

Kafin a fara, ana share ƙura a jiƙa bango, don kada bulo ya zuƙe ruwan kwaɓin. Ana kwaɓa abin da za a iya shafewa cikin kamar sa'a ɗaya; wanda ya fara daskarewa aka ƙara masa ruwa, ya riga ya rasa ƙarfinsa.

Abin da aka fi sakaci da shi kuwa shi ne ban ruwa bayan aiki. Siminti yana samun ƙarfi ne ta hanyar haɗuwa da ruwa a hankali, don haka ana yayyafa wa bango ruwa safe da yamma na kwana bakwai, musamman a lokacin hunturu da iska ke busar da shi da wuri. Kuɗin mai garuwa na mako guda ya kamata ya shiga kasafi tun farko, a kuma riƙe wani kaso na ladan magini har sai mako ya cika an ƙwanƙwasa bango. Inda ya yi ƙarar fanko, filastar ba ta kama ba.

Idan ginin na laka ne, siminti ba ya manne masa sosai, sai an kafa ƙusoshi an ɗaura ragar waya tukuna, kuma wannan ƙarin kuɗi ne da za a sa cikin jinga.