Yoyon iska a injin babur ɗin ruwa: yadda ake gano shi kafin inji ya ƙone

Babur ɗin ruwa, wanda aka fi sani da Jet Ski, ƙaramin jirgi ne da mutum ɗaya zuwa uku ke hawa kamar babur. Jet Ski suna ne na kamfanin Kawasaki na Japan. Yamaha na kiran nasa WaveRunner, kamfanin Bombardier na Kanada kuma ya fito da Sea-Doo. Yawancin tsofaffin samfuransu na da inji mai bugu biyu, wato wanda ke ƙona esansi gauraye da man inji. Irin wannan injin ne kuma, kamar Yamaha Enduro, ke tura kwalekwale da dama a kogin Isa, daga Ayoru zuwa Yamai har Gaya. Don haka ciwonsu ɗaya ne, kuma hanyar gano shi ɗaya ce.

Inda matsalar take

A inji mai bugu biyu, esansi da iska ba sa tafiya kai tsaye saman piston. Sai sun fara shiga tukunyar inji ta ƙasa, inda sandar da piston ke juyawa take, sannan a tura su sama su ƙone. Dole wannan tukunya ta kasance a rufe ruf. Abin da ke toshe ta a bakin sandar gaba da baya shi ne zoben roba, wanda makanikai ke kira juwan sipi.

Idan zoben ya tsufa ya bushe, ko tsatsa ta ci sandar saboda ruwa ya kwana a ciki, sai inji ya riƙa zuƙar iska ta ɓarauniyar hanya. Iska ta yi yawa, esansi da mai sun yi kaɗan, zafi ya hau, daga ƙarshe piston ya narke ko ya maƙale. Ga mai babur ɗin ruwa hasarar kuɗi ce. Ga mai kwalekwale ɗauke da fasinja a tsakiyar kogi kuwa, batun rai ne.

Alamomin da ke nuna yoyo

Inji kan riƙa gudu shi kaɗai ba a ba shi wuta ba, ko ya ƙi tsayawa daidai duk yadda aka gyara karbirata. Buji ɗaya kan yi fari ƙal, alhali na lafiyayyen inji launin ƙasa-ƙasa yake yi. Wani lokaci ana ganin mai ya jiƙe bayan inji, wajen da sandar ta fito.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne dogara da awon matsin piston. Wannan awo saman piston kawai yake dubawa. Inji na iya nuna matsi mai kyau alhali juwan ɗin ƙasa ya yage.

Yadda ake gwajin

Ana cire karbirata da bututun hayaƙi, a toshe bakunansu da faifan ƙarfe da roba, a bar buji a ɗaure. Sai a haɗa ƙaramin famfon hannu mai agogon awo da bututun da ke kai bugun iska zuwa famfon esansi, a hura a hankali. Bai kamata a wuce rabin bar ba, kuma ba a amfani da injin hura taya, domin ƙarfinsa na iya ture juwan mai lafiya daga mazauninsa.

Daga nan sai a zuba wa allurar ido na minti 5 zuwa 10. Idan ta tsaya, inji a rufe yake. Idan tana sauka, sai a fesa ruwan sabulu a bakin sandar gaba da baya, da gindin silinda, da mahaɗin tukunyar, da wajen zaman karbirata. Duk inda kumfa ta taso, nan ne yoyon. Yana da kyau a juya sandar da hannu yayin gwajin, kuma a sake gwadawa ta hanyar zuƙe iskar, saboda wani juwan kan riƙe idan an hura, ya saki idan an zuƙa.

A injin kwalekwale akwai wani juwan bayan farfela. Zaren kamun kifi kan naɗe a wurin ya yanka shi. Idan aka kwance kusar ƙasa man giya ya fito fari kamar madara, ruwa ya shiga.

Gyara

A yawancin waɗannan injuna sai an raba tukunyar biyu kafin a sauya juwan. Idan sandar na girgiza ko ta yi tsatsa, sabon juwan ba zai daɗe ba sai an gyara ta. Bayan an harhaɗa inji, a maimaita gwajin kafin a mayar da shi ruwa. Minti 10 na gwaji a garaji sun fi sayen piston sau biyu sauƙi.