Zaren da ke tace ƙazamin ruwa: Abin da Lafiya ke buƙata kafin ta rungume shi

A wuraren gumin shinkafa na Lafiya, da zarar an sauke tukunya sai a malalar da ruwan cikin kwata. Haka na mayanka da na masu jiƙa rogo. Da damina, ruwan sama ya kwashi abin da ya samu zuwa rafuka irin su Amba. Birnin ya zama fadar Jihar Nasarawa a 1996, amma har yau, kamar akasarin biranen ƙasar nan, da masai da ramin sokawe ya dogara.

Wata fasahar da ta dace da garin da ba shi da babbar magudana ita ce matatar zare. Zaruruwa ne na roba, sirara kamar taliya, kowanne da rami a cikinsa, jikinsa kuma cike da ƙofofin da ba su kai kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita ba. Ana nutsa dubbansu cikin tankin ƙazamin ruwa, famfo ya riƙa tsotsa a hankali. Ruwa ya shige, laka da ƙwayoyin cuta su tsaya a waje. Masanin Japan Kazuo Yamamoto da abokan aikinsa ne suka bayyana dabarar nutsawar a 1989.

Amfanin laushin zaren shi ne hana toshewa. Akan ɗaure shi sako-sako, a hura iska daga ƙasan tanki, kumfa ta riƙa kaɗa shi yana kakkaɓe dattin da ya manne masa. In wuta ta ɗauke, iska ta tsaya, sai zaren ya toshe. Tashar lantarki ta Akurba da aka buɗe a 2022 ta ƙara wa Lafiya wuta, amma matatar tana son wutar da ba ta yankewa dare da rana.

Ba kuma kowane datti take kamawa ba. Gishiri da sinadarin da ya narke, irin na masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano, sai matata mai ƙofofin da suka fi haka ƙanƙanta.

Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke sa ido kan ruwan da masana'antu ke zubarwa. Ga masu tsara kasafi kuwa, kuɗin sayen na'ura somin-taɓi ne. Akwai na wuta, da maganin wanki, da horar da ma'aikata, da sauya zaren in ya tsufa. In ba a rubuta waɗannan tun farko ba, tankin zai cika, ruwan ya koma kwata.