Mene ne ma'anar sunan Taylor?

Sunan Taylor ba ya ɓacewa a labarai: yau mawaƙiya Taylor Swift, gobe Charles Taylor, tsohon shugaban Laberiya da kotu ta yanke wa ɗaurin shekara 50 a 2012. Ita sunanta na yanka ne, shi kuwa na danginsa ne.

Ma'anarsa maɗinki. Asalinsa kalma ce ta tsohon Faransanci mai nufin mai yanka, wato wanda ke sa almakashi ya yanka yadi. Ta shiga Turanci bayan da Normawa, masu magana da Faransanci, suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Daga Turancin ne Hausa ta aro kalmar tela.

Da can laƙabin sana'a ne kawai. Sannu a hankali ya zama gado, har jikan da bai taɓa zura zare a allura ba ya amsa shi. Haka Smith ya samo asali daga maƙeri, Baker daga mai gasa burodi.

Daga baya iyaye, musamman a Amurka, suka riƙa raɗa wa jarirai shi, maza da mata. Saboda haka in ka ji an ce Taylor, kada ka yi saurin cewa namiji ne.