Idan tagwayen faifai na RAID 1 sun ƙi buɗewa bayan ka kunna kwamfuta

Da yawa daga cikinmu mun gaji da gogewar hotuna duk lokacin da waya ta cika, shi ya sa wasu ke samun tsohuwar kwamfuta su saka mata Linux, su mayar da ita rumbun gida. Mai ɗan wayo yakan saka faifan ajiya biyu ya haɗa su da tsarin RAID 1, inda duk abin da aka rubuta a ɗaya sai an rubuta irinsa a ɗayan, ta yadda idan guda ya mutu kayanka na nan. Sai kuma wata rana a ɗauke wuta, ka kunna, kwamfuta ta tsaya tana ƙirga sakan 90, daga nan ta jefa ka baƙin allo na yanayin gaggawa.

Ka kwantar da hankalinka. A mafi yawan lokuta fayilolin suna nan lafiya, kwamfutar ce ke neman su da sunan da suka daina amsawa. Abin da ke salwantar da kayan mutane shi ne gaggawar gyara, musamman umarnin mdadm --create da wasu ke kwafowa daga intanet. Wannan na ƙirƙirar sabon haɗi ne, yana rubutu a kan bayanan tsohon. Kada ka taɓa shi, haka ma mkfs.

Fara da dubawa. Idan allon gaggawa bai ba ka shiga ba, tayar da kwamfutar daga filash mai ɗauke da Linux. Rubuta cat /proc/mdstat. Idan ka ga [UU], faifan biyu suna aiki. Idan [U_] ne, ɗaya ya fita daga haɗin. Idan kuma ka ga kalmar inactive, an gano faifan amma ba a tayar da su ba.

Yanzu kalli sunan da ke farkon layin. Kai ka san shi da md0, amma akwai yiwuwar ka tarar da md127. Dalili shi ne, lokacin tashi Linux na amfani da wani ƙaramin kunshi da ake kira initramfs, wanda ke ɗauke da kwafin fayil ɗin mdadm.conf. Idan haɗinka ba ya cikin wannan kwafin, sai tsarin ya raɗa masa suna da kansa, yana farawa daga 127 yana yin ƙasa. Shi kuma /etc/fstab, wato jerin abubuwan da za a buɗe lokacin tashi, yana can yana jiran /dev/md0 da ba zai zo ba. Kamar abokinka ya canza layi ne kana ta kiran tsohuwar lambarsa.

Maganin yana da sauƙi. Rubuta mdadm --detail --scan, ka ɗauki layin da ya fito ka saka a /etc/mdadm/mdadm.conf, ka mayar da sunan md0. Sannan a Ubuntu ko Debian ka yi update-initramfs -u. Wannan mataki na ƙarshe shi ake yawan tsallakewa, sai mutum ya gyara fayil daidai amma matsala ta dawo, saboda tsohon kwafin ne ke aiki lokacin tashi. A Fedora fayil ɗin yana /etc/mdadm.conf, umarnin kuwa dracut -f. Idan ta hana ka adana gyara, yi mount -o remount,rw / tukuna.

A ganina bai kamata fstab ya dogara da suna irin md0 ba ko kaɗan. Yi amfani da UUID, doguwar lambar shaida da ba ta canzawa. Sai dai a nan akwai tarko, domin lambobin iri biyu ne. Wadda mdadm ke nunawa, mai ɗigo biyu-biyu a tsakani, ta haɗin ce, gidanta mdadm.conf. Wadda fstab ke so ita ce ta tsarin fayilolin da ke cikin haɗin, mai karan-ɗori a tsakani, kuma za ka same ta da blkid /dev/md127, ko duk sunan da haɗin ke amsawa a lokacin. Ka musanya su, za ka sake komawa ƙirgen sakan 90.

Inda lamarin ya fi tsanani shi ne inactive ko [U_]. Yi mdadm --examine a kan kowane faifai, misali /dev/sda1 da /dev/sdb1, ka kwatanta layin Events da na Update Time. Wanda lambarsa ta fi girma shi ke da sababbin bayanai. Idan tazarar tana da yawa, alama ce ɗayan ya daɗe da faɗuwa ba ka sani ba, wataƙila tun watanni. Dakatar da haɗin da mdadm --stop /dev/md127, sannan ka tayar da shi da mai sabon bayani kaɗai: mdadm --assemble --run /dev/md0 /dev/sda1, idan shi ne. Tabbatar da wannan sau biyu, domin idan ka tayar da tsohon sannan ka ƙara sabon a kansa, tsohon zai shafe aikin watannin nan. Buɗe shi da mount -o ro, wato karatu kawai, ka kwashe abin da ba za ka iya jure rasawa ba zuwa wani waje.

Bayan haka ne za ka binciki wanda ya faɗi da smartctl -a /dev/sdb. Wani lokaci igiyar SATA ce kawai ta yi sako-sako. Idan lafiyarsa ƙalau, mayar da shi da mdadm /dev/md0 --add /dev/sdb1, ka bar shi ya kwafa. Babban faifai na iya cin sa'o'i, don haka ka zaɓi lokacin da kake da tabbacin wuta ko inbata.

Akwai masu ƙara nofail a layin fstab don kwamfuta ta tashi ko da haɗin bai buɗe ba. Yana da amfani ga na'urar da ba ta da allo, amma ka sani idan haɗin ya ƙi buɗewa, manhajar da ke kwaso hotuna daga wayarka za ta iya ci gaba da zuba su a babban faifai har ya cika. Kafin ka sake kunnawa, gwada findmnt --verify da mount -a. Idan ba su yi ƙorafi ba, sai ka kashe ka kunna, ka sake leƙa /proc/mdstat ka ga ko [UU] ya dawo.