Ziyarar Birnin Katsina Daga Dutsin-Ma Da Kurfi: Ƙofofi, Tarihi Da Cima

Tsakanin Dutsin-Ma da birnin Katsina akwai tafiyar kimanin kilomita 60, a bi ta Kurfi da Ɓatagarawa, a shiga gari ta wajen Ƙofar Ƙwaya. Kullum safiya motoci na kwasar mutane a kan wannan hanya, wani asibiti za shi, wani kasuwa, wani kuwa takarda yake bi a ofis tun da birnin ya zama hedkwatar jiha a shekarar 1987. Kaɗan ne daga cikinsu ke zuwa don su ga birnin kansa, har da ɗaliban da ke nazarin Hausa da tarihi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa mutumin Dutsin-Ma ko Kurfi ba baƙo ba ne a cikin tarihin birnin, kuma ana iya karanta wannan dangantaka a jikin ƙofofinsa da cikin ƙwaryar abincinsa.

Abin da ya kamata mai ziyara ya fara lura da shi shi ne sunayen ƙofofi. Huɗu daga cikinsu suna ɗauke da sunayen sarautu: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa da Ƙofar 'Yanɗaka. Masu riƙe da waɗannan sarautu kuwa duk hakimai ne a ƙasa, ba a cikin birni suke zaune ba. Ƙaura yana Rimi, Durɓi yana Mani, Marusa yana Dutsi, shi kuma 'Yanɗaka shi ne hakimin Dutsin-Ma, kamar yadda Maraɗin Katsina yake hakimin Kurfi. Gidan 'Yanɗaka yana danganta kansa da Malam Muhammadu Na Alhaji, ɗaya daga cikin malamai uku da suka jagoranci jihadi a ƙasar Katsina tare da Ummarun Dallaje da Ummarun Dumyawa. Ummarun Dallaje shi ne ya hau gadon sarauta wajen 1807, sarakunan da aka kora kuma suka yi arewa, daga baya zuriyarsu ta kafa Maraɗi. Ta Ƙofar 'Yanɗaka ɗin ce kuma Gwamna Lugga ya shiga Katsina a 1903. Saboda haka ɗalibin Dutsin-Ma da ya tsaya a bakin wannan ƙofa, sunan sarautar garinsu ne a kansa, kuma nan ne zamani ɗaya ya ƙare wani ya soma. Wanda ya zo kallon hawan salla zai ga wannan dangantaka da idonsa, yayin da hakimai ke shigowa filin Kangiwa da dawakinsu, kowa da jama'ar ƙasarsa a bayansa.

Sai dai ƙofa ba ta da ma'ana in babu ganuwa, kuma nan ne abin takaicin yake. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya sauka Katsina a 1851, ya ƙiyasta kewayen ganuwar da mil 13 zuwa 14, ko da yake ya tarar da yawancin filin da ke ciki babu kowa, mazauna ba su wuce dubu bakwai ko takwas ba, domin yaƙe-yaƙe sun karkatar da fatauci zuwa Kano. A yau akasin haka ne: mutane sun cika har sun tumbatsa, ganuwar ce ta tafi. Ruwan sama ya zaftare wani sashi, masu ɗibar ƙasar gini sun kwashe wani, gidaje sun hau kan ragowar. Ƙofofin da ake gani yanzu gini ne na zamani, an buɗa su don manyan motoci. Wanda bai riski dattawan da suka san inda bangon ya bi ba, da wuya ya iya zana taswirar tsohon birnin a zuciyarsa.

A cikin gari, hasumiyar Gobarau ita ce ginin da ya fi jan ido. Tsawonta ya kai kimanin mita 15, da ƙasa aka gina ta, kuma ragowa ce ta wani babban masallaci da ake jinginawa ga zamanin Muhammadu Korau, a ƙarni na 15, wato ƙarnin da Shehu Maghili ya ziyarci ƙasar Hausa. Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe, don haka abin da ya tsayar da Gobarau shi ne hannuwan magina da suka yi ta gyara ta zamani bayan zamani. Daga nan sai kushewun Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, malaman ƙarni na 17, waɗanda har yau ake ziyarta.

Ɗalibin Hausa kuwa, inda ya fi cancanta ya daɗe shi ne tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda shi ma Durɓi ne kafin ya hau gado a 1906. An mayar da ginin gidan adana kayan tarihi. A waɗannan ɗakuna na ƙasa da azara Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, haka kuma Abubakar Imam. Malam Bello Kagara, mai Ganɗoki, ya koyar a nan, kuma Imam yana malami a Makarantar Midil ta Katsina sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933. Ke nan biyu daga cikin littattafan da aka fara ƙagaggun labaran boko da su a garin nan aka rubuta su. An ɗauke kwalejin zuwa Kaduna a 1938, sannan Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Shi ma Barth ya yaba wa Hausar Katsina, yana ganin ta fi ta sauran wurare wadata da daɗin furuci, hukuncin da Bakano ba lalle ne ya amince da shi ba.

Idan rana ta take, mai ziyara zai nemi abin taɓawa, a nan ma tarihi bai rabu da shi ba. Ana yi wa Katsina kirari da ɗakin kara, kara kuwa da ruwan sha ake fara ta, sannan fura, ko hura a bakin Bakatsine. Furar nan ita kanta haɗin gwiwa ce: gero daga gonakin ƙauye, nono daga rugage, citta da kanumfari daga hannun fatake. Cimar birnin hawa-hawa take kamar tsohon bango. Can ƙasa akwai gero da dawa da kuka da daddawa da tsamiya, waɗanda suka girmi Gobarau. A bisansu akwai abin da fatauci ya kawo, kamar goro daga Gwanja da taliya da alkaki waɗanda ke da alaƙa da Larabawan arewa. Gyaɗa da rogo da masara da tumatir da barkono kuwa asalinsu nahiyar Amurka ne, ba su iso Afirka ba sai bayan ƙarni na 15. Ashe ƙuli-ƙuli da tunkuzar da ake shafa wa kilishi, waɗanda kowa ke ɗauka kayan kaka da kakanni ne, Korau bai taɓa ɗanɗana su ba. Teburin mai shayi da burodi shi ne hawa na sama, na zamanin Turawa.

Mutumin Dutsin-Ma zai iya tarar da kayan garinsu sun riga shi isowa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Zoɓe a kan kogin Ƙaraduwa a 1983, kifi da kayan lambun rani suka shiga cikin abin da yankin ke aikawa birni. Wannan ya sa matsalar tsaro da ta addabi yammacin jihar a shekarun baya-bayan nan, musamman wajen Safana da Batsari, ba ta tsaya a ƙauye ba: gonar da ba a noma ba da garken da aka kora suna bayyana a farashin tiyar gero da ƙwaryar nono a kasuwar birni, kuma mai dama fura takan san labarin kafin ya fito a rediyo.