Abubuwan da ya kamata ka sani game da hanyoyin samun kuɗi a gidajen manoman karkara

A yawancin ƙasar Hausa damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, amma tukunya kullum sai an ɗora. Shi ya sa da wuya ka sami gidan da ya dogara ga gero da dawa kaɗai.

Ina magidanta ke nufa bayan girbi?

Mai fadama yakan shiga noman rani. A Kura da Bunkure da Garun Malam, ruwan madatsar Tiga ne ke shayar da tumatir da alkama da shinkafa. A Galmi ta Nijar kuwa albasa ce ta yi suna. Wanda ba shi da ruwa sai ya tafi cin rani Legas ko Abuja ko Fatakwal, ya yi ga-ruwa ko dako ko acaɓa, ya dawo kafin shuka da kuɗin taki. Wannan hanya ba ta da tabbas: da Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a 2022, har ƙauyukan Arewa an ji a jiki.

Dabba ita ce asusu

Ragon da aka turke da harawa da dusa domin Babbar Sallah jari ne. Akuya kuma ta fitar kunya ce, ranar kasuwa ake sayar da ita a biya kuɗin asibiti.

Kuɗin mata

Mata da yawa ba sa fita, amma suna sana'a. Mace za ta soya gyaɗa, ta matse mai, ta mulmula tunkuza ta yi ƙuli-ƙuli, ribar ta shiga adashe. Kuɗin nata ne, ba na maigida ba, kuma su ke rufa asiri idan rumbu ya yi ƙasa. Abin da ke damuna shi ne 'yar talla, wadda sau da yawa da karatunta ake biyan wannan riba.

Kowa ne ke cin riba?

A'a, kuma nan ne gizo ke saƙa. Mai hali yana sayen hatsi da kaka lokacin da yake araha, ya ajiye sai ya yi tsada. Talaka kuwa bashi ke tilasta masa sayarwa da kaka. Kafin watan Agusta rumbunsa ya ƙare, sai ya tafi ƙwadago gonar wani, ciyawa na cinye tasa, baɗi kuma amfaninsa ya sake raguwa. Mai bincike Polly Hill ta lura da wannan bambanci a ƙauyen Batagarawa tun a littafinta na 1972.

Yau kuma 'yan bindiga sun ƙara dagula lamarin a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, inda satar shanu da tare hanyar kasuwa suka raba gidaje da dama da dabbobinsu da fataucinsu lokaci guda.