Gam ɗin da ruwa ba ya narkarwa: abin da ke riƙe da katakon kayan ɗaki

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin amarya bayan damina ɗaya ko biyu ya san abin. Ƙasan armuwar ya kumbura kamar burodin da aka jiƙa a shayi, ledar da ke fuskarsa ta ɗaye, ƙofa ta karkace ta daina rufuwa, ƙusa kuma ko an mayar da ita ba ta kamawa. Ba sai ambaliya ta shiga gida ba. Ruwan goge ɗaki na kullum, ko laimar da ke tasowa daga siminti a watan Agusta, sun isa. A shekara irin ta 2024 kuwa, lokacin da ruwan sama ya mamaye unguwanni a Maraɗi ya kuma rusa tsohon masallacin Damagaram, irin wannan katako na cikin abubuwan da ko an shanya ba sa komawa yadda suke.

Laifin yakan faɗa kan kafinta. Iyayen amarya su ce ya cuce su, ɗan'uwan da ya turo kuɗin daga Aljeriya ko Faransa ya ce an saya masa na banza. Wani lokaci da gaskiyarsu. Amma sau da yawa an riga an yanke wa kayan nan hukunci tun a wata masana'anta mai nisa, ranar da aka zaɓi gam ɗin da za a haɗa katakon da shi.

Mafi yawan gadaje da durowoyi masu ƙyalli da ake gani yau ba daga gungumen itace aka tsago su ba. Garin katako ne, ko ɓarɓashinsa, ko zarensa, aka cuɗa da gam aka matse a inji mai zafi har ya zama falle. Akwai na ɓarɓashi wanda ake kira aggloméré da Faransanci, akwai MDF mai laushin fuska, akwai kuma OSB mai manyan ɓarɓashi da ake rufi da bango da shi a Turai da Amurka. Nijar ba ta da dazukan katako, saboda haka kayan da ake jibgewa a kasuwar Katako ta Yamai da rumfunan Maraɗi da Damagaram da Tawa daga waje suke shigowa. Mai saye yana ganin kauri da launi. Gam ɗin da ke ciki, wanda shi ne ƙarfin abin, ba ya ganinsa.

Tsohon gam mai arha

Gam ɗin da ya fi yawa a wannan sana'a a duniya haɗin sinadarai biyu ne: yuriya, irin dai wadda manoma suka sani a takin zamani, da formaldehid, sinadarin da ke cikin ruwan formol da asibitoci ke adana gawa da shi. Yana da arha, ba shi da launi, yana kamawa da wuri. Illarsa biyu ce, kuma tushensu ɗaya. Ruwa yana warware haɗin da ke tsakanin sinadaran a hankali. Yana warwarewa katakon yana sakin jiki, formaldehid ɗin kuma yana fita cikin iskar ɗaki. Shi ne warin nan mai sa ido hawaye da ake ji idan an buɗe sabuwar durowa. Zafi da laima suna ƙara fitarsa, abin da ya kamata ya dami duk mai kwana a rufaffen ɗaki a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

A 2004 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Lyon, ta sanya formaldehid cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga ɗan Adam. Shekara guda bayan haka guguwar Katrina ta afka wa kudancin Amurka, gwamnati ta raba wa dubban iyalai gidajen wucin gadi masu taya, waɗanda cikinsu duk irin wannan katako ne. Mutane suka fara kukan ciwon kai da tari da zubar jini ta hanci. Gwajin da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta fitar a farkon 2008 ya nuna iskar gidajen na ɗauke da formaldehid fiye da ta gidaje na yau da kullum. A 2010 shugaba Barack Obama ya sa hannu kan dokar da ta ƙayyade yawan abin da katako zai iya fitarwa. Dokoki irin wannan, a Amurka da Turai da Japan, su suka tura masana'antu neman wani gam.

Gam ɗin da ke shan ruwa ya ƙara ƙarfi

Wanda suka koma wa ba sabo ba ne. A 1937 wani masanin sinadarai Bajamushe, Otto Bayer, da abokan aikinsa a birnin Leverkusen suka gano yadda ake haɗa wasu sinadarai da ake kira izosiyanat da wasu don samar da roba mai suna poliyuretan. Daga wannan dangi ne sosan katifa ya fito, da kumfar da ke cikin bangon firji, da tafin takalma da yawa. A farkon shekarun 1970 masana'antun katako na Jamus suka fara amfani da ɗaya daga cikinsu, MDI, a matsayin gam.

MDI ruwa ne mai kauri, launin ƙasa-ƙasa, kamar man juye. Abin da ya bambanta shi shi ne yadda yake hulɗa da ruwa. Tsohon gam yana son busasshen gari, danshi kuma abokin gabarsa ne. Shi kuwa MDI da danshin da ke cikin itacen yake aiki. Idan aka fesa shi a kan ɓarɓashi aka sa a injin matsa mai zafin kusan digiri 200, sai ya ratsa cikin ƙananan kafofin itacen, ya haɗu da ɗan ruwan da ke ciki, ya daskare ya zama roba mai tauri. Da zarar ya daskare, ruwa ba ya sake warware shi. Kuma kaɗan yake isa: inda tsohon gam ke cin kusan kashi goma cikin ɗari na nauyin katakon, shi rabin hakan ko ƙasa da haka yakan wadatar. Abin mamaki, ana amfani da formaldehid wajen ƙera MDI kansa a masana'antar sinadarai, amma yana ƙarewa a can cikin haɗin, ba ya biyo katako zuwa ɗaki. Shi ya sa ake lissafa fallen da aka yi da shi cikin waɗanda ba a ƙara musu formaldehid ba.

Yana da nasa tsiya. Kamunsa ya yi ƙarfin da har ƙarfen injin yake mannewa, dole a riƙa shafa wa injin maganin hana mannewa, ko a sa MDI a tsakiyar falle kawai a sa wani gam a fuskokin biyu. Ga tsada. Daga man fetur ake samo tushensa, ana kuma ƙera shi da iskar fosjin, guba ce da aka yi yaƙi da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya, don haka ba kowa ke iya kafa masana'antarsa ba. Kamfanoni ƙalilan ne suka riƙe kasuwar: Wanhua na China, wanda ya fi kowa samarwa, sai BASF da Covestro na Jamus, da Huntsman da Dow na Amurka. Idan ɗaya daga cikinsu ya tsayar da inji don gyara, farashi yakan motsa a duniya baki ɗaya.

Haɗarin ya koma kan ma'aikaci

Sunan izosiyanat yana da baƙin tarihi. A daren 2 zuwa 3 ga Disamban 1984 iskar metil izosiyanat ta tsere daga masana'antar maganin ƙwari ta Union Carbide a birnin Bhopal na Indiya, ta kashe dubban mutane a cikin barcinsu. Wancan sinadari ne mai saurin tashi a iska. MDI ɗan'uwansa ne na nesa, mai nauyi, wanda da ƙyar yake tururi idan ba a ɗumama shi ko an fesa shi ba. A cikin katakon da ya gama daskarewa kuwa ya riga ya zama wani abu dabam, mai kwana a kan gadon ba ya shaƙarsa.

Mai aiki da ɗanyensa ne ke cikin matsala. Dangin izosiyanat na cikin manyan abubuwan da ke jawo asma ta wurin aiki a ƙasashe masu masana'antu. Mutum zai iya yin watanni ko shekaru yana shaƙa ba tare da ya ji komai ba, rana ɗaya jikinsa ya ƙi abin. Daga nan ko ɗan ƙanƙani ya shaƙa sai ƙirji ya toshe, sau da yawa cikin dare bayan an tashi daga aiki, shi ya sa mutane ba sa danganta ciwon da sana'arsu. Wasu ko sun bar aikin ba sa warkewa gaba ɗaya. Taɓa fata ma yana iya buɗe wannan ƙofa.

Saboda haka ne Tarayyar Turai ta kafa doka a 2020 wadda ta fara aiki ranar 24 ga Agustan 2023: duk ma'aikacin da zai yi aiki da kayan da ke ɗauke da sama da kashi 0.1 cikin ɗari na waɗannan sinadarai dole a ba shi horo tukuna, kuma dole a rubuta gargaɗin a jikin gwangwani. Ƴan Nijar da ke aikin gini ko fenti a Faransa ko Italiya ko Beljiyam suna da haƙƙin wannan horo, nauyinsa kuma a kan mai ba da aiki yake.

Ga waɗanda ke gida, babu masana'antar matsa katako da za su shiga, amma sinadarin ya riga ya iso ta wata hanya. Ƙaramin gwangwanin nan da masu fentin mota ke zubawa cikin fenti don ya bushe da ƙyalli, wanda suke kira durcisseur, galibi izosiyanat ne. Haka kumfar gwangwani da ake toshe gefen taga da ita, da wasu gam na kafinta masu yin kumfa idan sun bushe. A garejoji da dama yaron da ke koyon aiki ne ke riƙe da bindigar feshi, da tsumma ɗaure a hanci. Tsumma ba ya tare komai a nan, takunkumin takarda ma haka. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya na cewa mai feshin irin wannan fenti sai da takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo. Wanda bai da halin wannan, aƙalla ya yi feshin a fili, ya nisanta sauran mutane, ya sa safar hannu, kuma idan numfashi ya fara yi masa ƙara da dare ya faɗa wa likita irin aikin da yake yi.

Akwai kuma al'adar kwashe guntayen katako daga rumfar kafinta a kai murhu. Idan falle ne na gam, ko wane iri ne, hayaƙinsa na ɗauke da guba, har da sayanaid. Bai dace da girki ba, balle gasa nama ko ɗumama ɗaki da sanyi.

Karan gero fa?

Wani abu da ya sa masana ke son MDI shi ne yana kama abin da tsohon gam ba ya kamawa. Karan hatsi yana da santsi a bayansa kamar an shafa masa kakin zuma, gam mai ruwa sai ya zame. MDI yana mannewa. Da wannan aka kafa babbar masana'antar falle daga karan alkama a garin Elie na lardin Manitoba a Kanada a ƙarshen shekarun 1990. Ba ta yi nisa ba ta faɗa cikin bashi, kamfanin Dow ya saye ta, daga baya shi ma ya rufe ta. A China kuwa har yanzu ana yin irin wannan falle daga karan hatsi.

Ƙasar da ke noma gero da dawa kamar Nijar, tana kuma sayo katako da tsada, dole tunanin ya burge ta. Sai dai a nan kara ba shara ba ne. Abincin dabbobi ne da rani, da shi ake danga da rumfa, wanda aka bari a gona kuma shi ke riƙe ƙasa kada iska ta kwashe ta. Gam ɗin ma sai an sayo shi daga ƙetare. Duk mai wannan mafarki sai ya fara lissafi daga farashin damin kara a watan Mayu.

Abin da mai saye zai iya dubawa

Da wuya ɗan kasuwa ya san sunan gam ɗin da ke cikin kayansa, amma falle mai kyau yakan zo da tambari a gefe ko a baya. E1 alama ce ta Turai cewa formaldehid ɗin da yake fitarwa kaɗan ne. A tsarin Faransa, CTB-H na nufin falle na ɓarɓashi mai jure laima, CTB-X kuma kwantaraplake ne na waje. A na ɓarɓashi P3 da P5 na wurin danshi ne, a OSB kuma lamba 3 da 4. Ƙa'idar Turai ta ce OSB mai lamba 3 kada kaurinsa ya ƙaru fiye da kashi 15 cikin ɗari bayan awa 24 a cikin ruwa, mai lamba 4 kuma kashi 12.

Ba duk mai jure laima ne aka yi da MDI ba. Wasu tsohon gam ne aka ƙarfafa da sinadarin melamin, kwantaraplaken waje kuma da wani gam mai duhu ake yin sa, ana ganin layinsa baƙi-baƙi a tsakanin ɓawon. Koren launin da ake gani a cikin wasu fallen rini ne kawai da masana'antu ke sawa don a gane su, kuma babu abin da ya hana maƙaryaci ya rina na banza. Sannan ko da gam bai narke ba, itacen kansa yana shan ruwa ya kumbura, gara ma ba ta jin tsoron MDI. Dole a rufe bakin da aka yanka da leda ko fenti, a kuma ɗaga kayan daga siminti da ƙafafun roba ko na ƙarfe.

Inda babu tambari, akwai gwajin da ba ya cin ko dala. Kafin a biya kuɗin gado da armuwar, a karɓi ɗan guntu daga ainihin fallen da kafinta zai yi aikin da shi, a raba biyu, a jefa rabi a kofin ruwa a bar shi kwana ɗaya. Washegari a jera su gefe da gefe, a gwada murza jiƙaƙƙen da yatsa.